Yatsa Biyun Inna

Shekarar da wake ya yi mini kyau ita ce shekarar da na ƙudura sai na haɗa kwamfutar wasa da hannuna. A lokacin ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare kusa da Kunci, in an tashi kuma in wuce gona kamar kowa. Garinmu irin garuruwan nan ne da ba ka iya cewa ga inda gidaje suka ƙare ga inda gonaki suka fara. In ka yi atishawa a gonarka, mutumin ƙauyen gaba ne zai ce maka yarhamukallah. Wutar gwamnati kuwa labarinta kawai muke ji. Abin da nake da shi falle biyu ne na sola a kan rufin ɗakina da batir guda. Saboda haka tun farko na san injin da zan haɗa dole ya zama ƙarami, mai cin wuta kaɗan, wanda zan iya ɗaure shi a bayan babur in tafi da shi Ɗanbatta.

A Ɗanbatta ne wanda ya ɗora mini wannan ciwon yake. Abokina ne tun muna makaranta, yana da shagon cajin waya, a can ciki kuma ya ajiye wata ƙatuwar kwamfuta mai gurnani kamar injin niƙa. A kanta muke tseren motoci duk ranar kasuwa. Shekara biyu yana cina, shekara biyu ina cewa don injinsa ne, ya san halinsa. Shi kuma ya yi ta dariya yana cewa in kawo nawa mana a gani. Ni mutum ne mai zuciya, ba na jure a yi mini dariya. Na ce to, za a gani.

Kayan ɗaya bayan ɗaya na tara su. Na fara da furosesa, wato ƙwaƙwalwar injin. Na hannu na saya, irin wanda yake zana hoto da kansa, domin katin hoto ga tsada ga shan wuta, na ce shi kam sai ran da Allah ya hore. Na sayi ram guda ɗaya, wato ɗan sillen da injin yake riƙe aikin da ke gabansa a ciki, da fanka, da ɗan ƙaramin abin ba da wuta mai caja a waje irin ta laftof. Duk na jera su cikin kwalin taliya a ƙarƙashin gadona, kullum in na dawo sai na jawo kwalin na duba su, ba don sun canja ba. Abin da ya rage shi ne madabod, faifan nan da kowane abu yake hawa kansa. Shi na bari ƙarshe, domin shi ne ba a yin kuskure a kansa. In bai dace da furosesa ba ka yi asara, in bai dace da ram ba ka yi asara, in kuma ya fi akwatinsa girma ka yi asara ka kuma sha dariya.

Wata rana Baba ya shigo ɗakina neman almakashi ya tarar da ni a gaban kwalin. Baba kafinta ne, ko in ce kafinta ne a da, domin shekara uku ke nan hannunsa na rawa, ya daina karɓar aiki. Rabin ƙofofin garinmu shi ya yi su.

"Wannan tarkacen fa?"

"Kwamfuta ce, Baba. Ba ta haɗu ba tukuna."

"Ta aiki?"

Na sosa ƙeya. "Ta aiki, da ɗan wasa."

"Ta wasa dai," in ji shi. "To in ta haɗu a ina za ta zauna?"

Na ce ƙananan akwatunan kwamfuta na ƙarfe tsada gare su, kwalin nan zan huhhuda in lallaɓa da shi. Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya girgiza kai.

"Ɗan kafinta da kwalin taliya. Allah ya sawwaƙe. Nawa ne faɗin abin da zai zauna a ciki?"

Na ce mafi ƙanƙantar madabod santimita goma sha bakwai ne ta kowane gefe, tsawo da faɗi ɗaya. Ya fita ya rubuta a jikin bangon zaure da guntun fensir. Washegari na dawo daga makaranta na tarar ya sauko da wani katakon maɗaci daga rufin zaure, wanda tun ina yaro nake ganinsa a can, ba a barin kowa ya taɓa. Shi ne ragowar maɗacinsa na ƙarshe. Attajirai sun nema a yi musu akwatin Ƙur'ani da shi ya hana, sai ga shi ya sauko da shi don abin da ya kira wasa.

Mako uku ya yi yana aikin. Abin da a da zai gama kafin azahar, yanzu sai ya yanka kaɗan ya tsaya hannun ya huta. Bai sa ƙusa ko ɗaya ba, haƙora ya sassaƙa a kusurwoyi suka shiga juna, ya bi da gam. Ya huda ramukan shan iska a gefe biyu, a jere kamar zanen ƙwarya, ya buɗe taga a baya inda wayoyi za su shiga, ya sa marfi mai zamewa, ya kafa hannun ɗauka na fata a sama. Da ya shafa masa mai, sai jan maɗacin ya fito har kana ganin fuskarka. Ban taɓa mallakar abu mai kyau irinsa ba, har yau kuwa.

Baba yana da doka guda da kowa a garin ya sani. Aikin da ya fara da bismillah ya rufe da alhamdulillah, ba ya koma masa. In ka ce ƙofarka ta yi gajarta, sai ya ce bangonka ne ya yi tsawo. Ran da ya miƙo mini akwatin ya ce, "Wannan shi ne na ƙarshe." Ya tattara zarto da magogin katako da guduma da tef ya naɗe a buhu, ya ɗaure da igiya, ya sa na ɗora a inda katakon yake.

Akwatin bai kwana a ɗakina ba. Inna, mahaifiyata, ta zo ta ɗauke shi, ta ce ɗakina ba wurin ajiyar abin kirki ba ne, ko ɓera sai ya nemi hanya yake shiga. Ta kai shi ɗakinta ta ɗora a saman jeren kwanoninta, ta lulluɓe da ɗankwali.

Da na sayar da wake, na sa ranar Asabar zan shiga Kano. Ran Juma'a da dare na gama shirya komai sai abu ɗaya. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, ni kuwa ranar tafiyar na tashi fafe nawa. Mai babur ɗin da zai kai ni tasha yana ƙofar gida yana danna oda, sannan na tuna ban auna cikin akwatin ba. Na san lambar da na ba Baba, amma ban san sararin da ya bari ba, kuma na ji ana cewa akwai wasu faya-fayan da suka ɗan fi na goma sha bakwai tsawo, sun fi araha. Tef yana cikin buhun da aka ɗaure, Baba ya fita gona, ni kuma ko giyar wake na sha ba zan kwance masa igiya ba. Na ce da Inna ta ba ni akwatin in tafi da shi.

"A motar kasuwa? Tsakanin buhuna da awaki? Ba da ni ba. Tsaya in yanka maka kara."

A wurinmu haka ake yi. Ba a ɗaukar yaro a kai shi kasuwa don gwajin takalmi. Sillen kara ake samowa, a tsayar da yaro, a auna tafin ƙafarsa, a yanke, a ba mai zuwa kasuwa. Ya je ya dinga zura karan cikin takalma har ya sami wanda ya shiga. Da kara aka sayo mini duk takalmin da na sa har na shiga sakandare, kuma duk Inna ce ta yanka. Ta zari sille daga jikin danga ta shige ɗaki, ba a daɗe ba ta fito ta miƙo mini. Tunda tsawon cikin akwatin da faɗinsa ɗaya ne, kara guda ya wadatar. Na soke shi a aljihun gaba kusa da biro, na haye babur ina jin kamar in zuba ruwa a ƙasa in sha don murna.

A mota ban iya zama lafiya ba. Furosesa da ram suna naɗe a cikin safa a aljihuna, bini-bini sai na shafa na ji suna nan. Mun wuce Bichi, mun kusa Dawanau, wani dattijo da ke kusa da ni ya ƙyalla ido ya ga karan.

"Malam, takalmi za a sayo wa yaro?" Ya zare shi ya auna da takinsa. "Wannan ɗan aji uku ne."

Na ce, "Baba, wannan yaron ba a haife shi ba tukuna. Yau zan sayo masa uwa."

Ya dube ni ya ɗan matsa gefe, bai sake yi mini magana ba har ya sauka a Dawanau.

Kasuwar masu waya da kwamfuta a Kano wuri ne da in ba ka riƙe kanka ba sai ka sayi abin da ba shi ya kawo ka ba. Kowane shago ƙyalli, kowane mutum yana kiranka oga. Na bi kwatancen abokina har wani shago a lungu, inda wani magidanci mai gilashin karatu yake zaune a bayan teburi cike da faifai kore da baƙi. Na gaya masa irin furosesan da nake da shi, na ce ƙaramin inji nake son haɗawa. Ya miƙe ya jero mini guda uku.

Na farko ƙato ne, faɗinsa kamar faranti. Gurbin ram huɗu, ga fitilu masu canja launi a gefe. Mai shagon ya ce shi matasa suke yayi. Na shafa shi sau ɗaya don kwaɗayi na tura gefe, domin ko rabinsa ba zai shiga akwatin Baba ba.

Na biyu shi ne wanda na zo dominsa, ɗan cif, goma sha bakwai ta kowane gefe. Komai a cunkushe amma tsaf, gurbin ram biyu, gurbin katin hoto ɗaya a can baki, ga waifai na kama intanet a jikinsa. Na ɗora shi a tafin hannuna na ji zuciyata na bugawa. Da ya faɗi kuɗinsa sai bugun ya canja salo.

Na ce, "Alhaji, yaya ƙarami zai fi babba tsada?"

"Malam, cusa kayan ɗaki uku a ɗaki ɗaya ai ba ƙaramin aiki ba ne. Kuma ba a cika kawo su ba. Irinku masu son ƙarami kun yi kaɗan."

Kuɗina za su iya, amma in na saya, daga ni sai kuɗin mota. Sai ya turo mini na uku. Faɗinsa ɗaya da ƙaramin, tsawon ne ya ɗan ɗara. Ba shi da waifai, ba shi da ƙyalli, amma yana da ƙarin ɗan gurbi guda a ƙasa. Na duƙufa ina duba shi kamar yadda Baba yake duba katako. Soket ɗin, wato mazaunin furosesa, daidai da nawa. Gurbin ram irin nawa ne. Ga ƙarfen shan zafi a kan wuraren da wuta take bi, wanda ni a wurina ya fi fitila amfani, don na san abin da watan Afrilu yake yi a ƙarƙashin rufin kwano. A baya ga kafar allo, ga kafofin da zan soka hannun wasa har guda huɗu. Waifai kuwa na ce ba komai, wayata za ta ba shi ta igiya. Kuɗinsa bai kai na ƙaramin ba ko kusa.

Na zaro karan Inna. Duk shagon aka kwashe da dariya, har maƙwabcinsa ya leƙo. Ban kula su ba. Na kwantar da karan a gefen faifan, sai ga kara ya fi shi tsawo da ɗan kaɗan. Na juya ta ɗaya gefen, nan ma har da rara mai yawa.

Mai shagon ya sauke gilashinsa. "Malam, ka tabbata? Wannan ya kai ashirin da ɗoriya. In kes ɗin naka na ƙaramin bod ne, ba zai shiga ba fa."

Na ce, "Wannan karan daga cikin akwatin aka yanko shi yau da safe. Babana kafinta ne, ya san abin da yake yi. Sarari ya bari."

Har da ɗaga kai na faɗi maganar. Ya ce to, amma in sani, in aka ɗora furosesa aka fita da shi daga shago ba a dawowa. Na ce na ji na yarda. Mutumin nan ya fita haƙƙina, ba zan ɗora masa ba.

A gabana ya gwada. Ya ɗora furosesana, ya shafa ɗan man nan mai launin toka, ya kafa fanka, ya danna ram har ya yi ƙas, ya haɗa da allon shagonsa. Ya taɓa wasu ƙusoshi biyu da bakin sukundireba. Fanka ta juya. Allon ya yi baƙi na ɗan lokacin da ni a wurina ya kai wa'adin damina, sannan rubutu ya fito. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Da abin da ya rage na sayi ram na biyu, domin irin furosesan nan in ya sami ram biyu gudunsa kusan ninkawa yake. A hanyar dawowa na kira abokina na ce ya fara neman uzurin da zai bayar. Na sayi rake na raba wa duk wanda ke motar.

Bayan la'asar na iso gida. Baba yana kan tabarmarsa a tsakar gida yana jan carbi, yana yi kamar bai ga shigowata ba. Inna ta sauko da akwatin ta yaye ɗankwalin. Na wanke hannu, na ce bismillah, na zame marfin, na ɗauko faifan da hannu biyu na saukar.

Bai shiga ba.

Na juya shi, bai shiga ba. Na karkata shi, gefe ɗaya ya shiga ɗaya ya tsaya a sama. Na zaro karan na zura a cikin akwatin, sai shi ma ya ƙi, ya kwanta a kan baki kamar gada.

"Inna, yaya kika auna?"

"Daidai na auna, daga wannan bango zuwa wancan. Sannan na ƙara yatsa biyu."

"Kika ƙara? Don me?"

"Ai haka ake yi. Saboda girma."

Abin da na ce bayan nan ba na son tuna shi, amma tunda na fara sai in ƙarasa. Na ce katako yana girma ne? Na ce kwamfuta jariri ce? Na ce noman shekara guda ne ta yanke da kara, in mutum bai san abu ba ya bar wanda ya sani ya yi. Da ƙarfi na faɗa, har kajin gidan suka watse. Inna ta sunkuya ta ɗauki karan daga ƙasa inda na jefar, ta shige ɗaki. Baba ya daina jan carbi, ya dube ni dubawa ɗaya, ya tashi ya tafi masallaci. Magana zarar bunu ce. Tun kafin ya kai zaure na so in mayar da ita, babu hali.

Abin da ke gabana a fili yake. Faifan ba ya komawa kasuwa, kuɗin wani babu sai wata kakar. Ko dai injin ya koma kwalin taliya akwatin ya zauna wofi, ko kuma zarto ya hau aikin Baba na ƙarshe. Maɗacin ya ƙare, dokar Baba kuma kowa ya san ta. Na kasa cin tuwo, ga baƙin ciki ga kunya, kunyar ta fi yawa.

Washegari da muka fito daga sallar asuba Baba bai nufi gida ba. Ya ce in biyo shi. Muka bi ta gefen gonar wake da aka riga aka roro, yana gaba ina baya. Can ya tsaya yana duban kunyoyi, ba ni ba.

"Ka san kana da wa."

Na ce na sani. Na san an haifi namiji kafin ni, na san bai daɗe ba. Ba a maganarsa a gidanmu.

"Shekararsa uku, sallah ta matso. Uwarka yarinya ce a lokacin, ba wanda ya gaya mata ana ƙari. Ta auna ƙafarsa cif ta yanka. Na je Ɗanbatta na sayo, ya sa, kamar a ƙafarsa aka ɗinka. Har mutane suna yaba mata iya awo." Ya gyara zaman hularsa. "Bai ga wata sallar ba. Takalmin bai taɓa matse shi ba."

Na kasa ɗaga kai.

"Ta san ba kara ne ya kashe shi ba, ta fi ka sanin Allah. Amma tun daga ranar hannunta bai sake yanka awo daidai ba. Duk takalmin da ka yi ta ja a ƙasa kana yaro, kana kuka wai ya yi maka yawa, addu'a ce take yi maka. Jiya ma abin ɗanta ta auna."

Ya juya muka koma. Na tarar da Inna a bakin murhu tana dama koko. Na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta ce, "Tashi, kar ka zubar mini da gasara. Na yafe. Tun kana goye kake da wannan zuciyar, ba yau na san ta ba." Ta zuba mini koko ta ƙara sukari fiye da kullum.

Ina cikin sha na ji Baba daga zaure yana cewa in zo in sauko masa da buhu. Na zaci ban ji daidai ba. Da kansa ya kwance igiyar. Ya ɗauko wani guntun farin katako, ragowar wata taga, ya sa aka kawo akwatin, ya juya shi sau biyu a hannunsa, ya ja layi da fensir ya zagaye shi. Na ce, "Baba, dokarka fa?"

"Aikina babu kuskure," in ji shi. "Girma ya zo masa. Riƙe zarto, hannuna ba zai bi layi ba."

Shekarata ashirin da bakwai, ɗan kafinta, ranar ce na fara jan zarto a gabansa. Ya dafe akwatin yana yi mini faɗa, kar in danna, in bar zarto ya ci da kansa, in dubi layi ba hannuna ba. Lokacin da maɗacin ya rabu biyu sai da na runtse ido. Shi ko a jikinsa. Na ɗauko tef zan auna faɗin farin katakon da za a saka a tsakani, ya ture hannuna, ya ɗaga murya ya kira Inna. Ta zo tana goge hannu a zani. Ya ce ta ɗora yatsunta biyu. Ta ɗora, ya ja layi a gefensu.

Kwana biyu gam yana bushewa, kwana biyu ina zagaya akwatin kamar kaza mai neman wurin ƙwai. A rana ta uku da hantsi, rana ta hau sola ta cika batir, na saukar da faifan ya zauna daram. Na ɗaure sukurori, na haɗa wayoyi, na danna. Fanka ta juya a cikin maɗacin Baba, iska mai ɗumi ta fito ta ramukan da ya huda. Na sa tseren motoci. Baba ya tsaya a ƙofa ya kalli zagaye guda, ya ce wannan direban ba zai yi tsawon rai ba, ya tafi. Inna ta zauna a bakin gado har na gama, duk kwanar da motar ta sha sai ta karkata jikinta.

Ran kasuwa na ɗaure shi a bayan babur na kai Ɗanbatta. Abokina ya ci ni sau biyu, na ci shi sau uku. Ya ce don injina ne, na san halinsa. Mutanen shagon kuwa ba tseren suka kalla ba, akwatin suke shafawa suna tambayar ma'anar farin layin da ya zagaye shi. Na ce ado ne.

Bayan shekara biyu Allah ya hore mini katin hoto, gajere mai fanka ɗaya amma mai kauri. Gurbinsa yana wajen bakin faifan, kaurinsa kuma sai ya zarce inda ƙaramin faifai yake ƙarewa. Da akwatin yana nan yadda aka fara yin sa, da bango ya tare shi. Na danna shi ya shiga, na leƙa, sai na ga ya zauna daidai kan farin katakon, ko ƙwayar gero ba za ta wuce ta gefensa ba.

Na ɗauki akwatin na kai wa Inna, tana zaune a inuwa tana tsince wake. Na zame marfin na nuna mata. Ban san me ta gani a ciki ba. Ta sa babban yatsa ta ɗan danna kan farin layin, yadda take danna bakin takalmina duk shekara ta ji inda yatsuna suka kai.

"Ya cika shi?"

Na ce, "Ya cika shi, Inna."

Ta ce, "Alhamdulillahi." Ta jawo faifanta ta ci gaba da tsintar wake.